Tambaya: muna son mu taka a ƙasa daga Sakkwato zuwa Gwandu, yaya yini ɗaya yake a hanya?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema wajen wanda ya taɓa yin doguwar tafiya a ƙasa cikin karkara, ba irin zagayen da muke yi a filin wasa na Giginya da safe ba. Ni da wani abokina muna da hutun aiki a watan Disamba, kuma mun ƙudura mu tashi daga Hubbaren Shehu mu taka har Gwandu, mu bi ta Bodinga da Sifawa da Yabo, kwana biyar ko shida in Allah ya yarda.

Abin da ya sa, a garin nan aka haife ni, na bi hanyar nan a mota ban san adadi ba, amma in ka tambaye ni me ke bayan kwalta wallahi ban sani ba, gidajen mai na sani da inda ake tsayawa sayen rake. Tun muna firamare ake gaya mana Shehu ya zauna Gwandu, daga nan ya koma Sifawa, sai a 1815 ya dawo Sakkwato inda ya rasu a 1817, kuma mutanen nan da ƙafa da jaki da raƙumi suka yi ta kai da kawowa tsakanin garuruwan nan, da mata da yara da littattafai. Ina son in ji nisan nan a jikina ko sau ɗaya ne.

To tambayata ita ce, yini ɗaya yaya yake? Ƙarfe nawa ake tashi, kilomita nawa mutum zai iya ci ba tare da ya illata kansa ba, ruwa fa, ina ake kwana, wane takalmi? Kuma mahaifiyata hankalinta bai kwanta ba ko kaɗan, ina son in samu abin da zan gaya mata na gaskiya.

Na Kasuwar Daji:

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ni dai gaskiya zan gaya maka, Inna ta fi ka gaskiya. Wannan ba lokacin yawo a daji ba ne. Kowa ya san halin da ake ciki ta Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, ga Lakurawa ta Tangaza da Gudu, kuma kada ka ce ai kudu za ku yi, masu kawo mana kaya daga wajen Tureta da Shagari su ma suna ba da labarin da ba daɗi. Ku shiga mota ku je Gwandu ku yi ziyara ku dawo, abin da bai wuce yini ɗaya ba. Ban hana ka ba amma na faɗa maka.

Tsohon Malamin Gona:

Salamu alaikum. Ɗana, maganar Na Kasuwar Daji kada ka yar da ita, za ni dawo kanta. Amma tunda yini ɗaya kat tambaya, bari in ba ka labarin yini ɗaya. Na yi aikin malamin gona shekaru da dama ga ƙauyukan yankin ga, kuma bayan nij aje aiki mun taɓa yin irin wagga tahiya ni da ƙanena, daga Sakkwato har Yabo. Ranar da munka tashi daga Sifawa ita za ni ba ka.

Abu na hwarko, mai tahiya ƙasa ba ya da yini guda. Sahiya garai da marece, tsakiyar rana ta inuwa ta. Wanda duk yac ce ma shi ka tahiya daga sahe har dare bai tsaya ba, to ko dai bai taɓa yi ba ko kuma ya kwanta asibiti bayan nan.

Ana sallame asuba munka hita, ko karin kirki ba mu yi ba sai kunu da mai masaukinmu yas sa anka dama muna. Lokacin ɗari na kamar yadda kuka shirin yi, sanyi na cizon kunne, hazo ya ruhe ko'ina, kana jin carar zakaru da ƙarar turmi daga ƙauyen da ba ka gani. Munka bar kwalta tun nan, munka kama turbar jakai da ta bi tsakanin gonaki. Wanga lokaci an gama yankan hatsi tuni, dawa ma an kusa ƙarewa, sai kara tsaye da wanda anka tara, da harawar wake an naɗe an aza bisa itace don kada dabbobi su kai gare ta. Ƙasa a buɗe take, kana hangen nesa, kuma wannan shi na babban amfanin tahiya bayan kaka. Da damina ta, dawa ta fi ka tsawo, ba ka ganin mi ag gabanka, ga laka ga macizai.

Awa biyu na hwarko sun hi komi daɗi, ƙahwa na da ƙarhi, ba ƙishirwa. Nan ne za ka ci kaso mai yawa na tahiyarka in kana da hankali. Amma ka sani, lissahin da kuka yi ga waya na kilomita biyar cikin awa guda, lissahin kwalta na. Turbar ƙauye yashi ta, wani wurin ƙahwa na nutsewa har idon sawu, in ka samu ukku zuwa huɗu ka gode ma Allah.

Wajen hantsi munka shiga wani hili cike da gawo, kuma nan nit tsaya na daɗe, don ni ba ni wuce gawo ban dube shi ba. Icce na da Allah yay yi ma hali dabam, da damina shi zubar da ganye lokacin da kowa ka kore, da rani kuma shi yi ganye lokacin da kowa ya bushe. Shi ya sa manomi ba ya sare shi ga gona, bai tare ma hatsi rana, ganyen da yaz zuba taki na, kuma in ka lura hatsin gindin gawo kullum ya hi na gehe tsawo da kauri. Ranar nan shanun Hulani na kwance ƙarƙashi suna cin 'ya'yan da wani yaro ka kaɗo musu da doguwar sanda. Munka yi sallama, babban ya taso, munka gaisa. Mai gonar shi yab ba su izini su sauka bayan girbi, su ci kara su bar mai taki. Haka munka tashi munka iske ana yi, kuma raina ya yi sanyi da nig ga har yanzu akwai inda bai mutu ba. Ya ba mu madara ga ƙwarya da ɗuminta, na yi na yi shi karɓi kuɗi ya ƙiya, goro biyu kawai yak karɓa. Ka riƙe wannan, ka sayi goro ka sa ga aljihu. Inda kuɗi ka zama raini, goro girmamawa na.

Daga nan turba ta gangara ga hwadama. Kai da kad daɗe cikin toka-tokar rani sai ka ga kore ya buɗe ma gaba ɗaya, ana dashen albasa, injin ban ruwa na ta ƙara, ga rake ga mangwaro ga giginya tsaye can nesa. Nan ka bi a hankali, ka taka bisa kunya inda masu gonar ka takawa, kada ka ratsa cikin fangali don ka rage hanya. Dashen albasa ɗanye na, sawu guda ya ɓata ma mutum aikin sahiya. Kuma ka yi sannu da aiki ga duk wanda ka wuce, ko shina nesa ka ɗaga murya. Wanda yaw wuce shiru shi aka tuhuma.

Ƙarhe sha ɗaya da wani abu rana ta buɗe. Kada ɗari shi ruɗe ka, iskar hunturu na shanye ruwan jiki ba ka sani ba don ba ka ganin zuhwa, sai dai ka ji leɓe ya tsage kai na sara. Kowa cikinmu gora biyu garai na lita ɗaya da rabi, kuma kahin sha biyu na ƙare ɗaya da rabi. Munka shiga wani ƙauye, ba mu nemi shago ba ba mu nemi rijiya ba, masallaci munka nuhwa, munka iske dattawa ƙarƙashin dogon yaro munka yi sallama munka durƙusa, nic ce muna son a kai mu ga mai unguwa. Sun yi muna tambayoyi ƙwarai, daga ina, ɗan wa, gidan wa kunka kwana jiya, ina za ku. Ba wulaƙanci ba na, haƙƙinsu na. Da nif faɗi sunan mai masaukinmu na Sifawa sai wani tsoho yac ce ai ya san ubanai, shi ke nan anka shimhiɗa muna tabarma ga zaure, anka kawo ruwan randa, can sai ga hura da nono an damo cike da ƙwarya.

Mun zauna nan hiye da awa ukku. Munka cire takalma munka wanke ƙahwahu munka bari sunka sha iska, munka yi azahar da jama'a, nis samu barci kaɗan. Tsohon nan ya yi ta ba mu labarin lokacin da suka kai hatsi Sakkwato bisa jakai, su tashi da dare su iske kasuwa da hantsi. Wallahi abin da nis samu ga zauren nan ya hi abin da nis samu ga turba.

Bayan la'asar munka tashi, kuma nan munka yi kuskuren da nika son ka guje ma. Munka tambayi wani yaro nisan Yabo yac ce nan kusa na, munka saki jiki. Kusan mutumin ƙauye ba kusanka ba na, shi da ya saba. Ka tambaya haka, in na tashi yanzu ina isa kahin magariba? Sannan ka tambayi mutum biyu, ba guda ba. Ga wata mararraba kuma munka ɗauki hannun da ba shi ba, munka hwaɗa saura cike da ƙarangiya, ta kama wando da safa tun daga gwiwa, munka ɓata kusan rabin awa muna cira. Wani mai raƙumi da yaɗ ɗauko kara shi yam maishe mu bisa hanya, munka biyo bayanai. Ana kiran magariba muna shiga gari, ƙahwata ta hagu ta yi bororo biyu. Duka-duka abin da munka taka ranar bai wuce kilomita ashirin da 'yan kai ba, cikin awa bakwai na tahiya.

Yanzu maganar tsaro. Lokacin da munka yi tamu abin bai kai haka ba. Ni ba ni ce ma kada ka tahi, amma kada ka kwana wurin da ba a san da zuwanka ba tun kahin ka iso, kada magariba ta iske ka waje, kuma kowace sahiya mai masaukinka shi ka yanke ko a tahi ko a hwasa, ba kai ba. In yac ce yau hanyar ga ba ta biyuwa, ku hau kabu-kabu ko mota ku tsallake wurin, ba abin kunya ba na.

'Yar Yabo:

Baba Malamin Gona Allah ya saka da alheri, ka sa na tuna gida har na ji ƙwalla. Ni can aka haife ni, aure ne ya kawo ni Sakkwato, kuma ina son in ƙara abu ɗaya daga ɓangaren mutanen da za ku ratsa ta cikinsu, don kowa yana maganar tsoron da matafiyi zai ji, ba wanda ya yi maganar tsoron da za a ji nasa.

Yayana Ɗan Mabera, ka sa kanka a matsayin mace tana tsinke zogala a bayan gari ta ɗaga kai ta ga samari biyu baƙi da jakunkuna a baya, ɗaya yana ɗaga waya yana ɗaukar hoto. Wallahi kafin ku kai bakin gari labari ya riga ku, kuma ba labari mai daɗi ba. Mutane sun sha wuya da masu kai rahoto ga ɓarayin daji, yanzu baƙon da ba a san shi ba ana iya tare shi, kuma 'yan sa-kai ba duka ne ke tsayawa su saurari bayani ba. Don haka tun kuna Sakkwato ku nemi wanda zai haɗa ku da uban ƙasa ko hakimin kowane wurin da za ku kwana, ku riƙe katin shaidarku, kuma in da hali kowane zango a ba ku ɗan gari ya raka ku zuwa na gaba, ku sallame shi da abin da ya sauwaƙa. Ku sa kaya irin na mutane, riga da wando da hula ko malfa, ban da gajeren wando da baƙin tabarau. Waya ta zauna a aljihu, kada ku ɗauki hoton mata a rijiya ko gidan mutane ko rumbunansu sai an ba ku izini.

Maganar abinci kuma ba za ku ji yunwa ba in sha Allah, amma ku riƙe guzurinku don kada ku zama nauyi, wasu gidajen abin da ke rumbu shi ne na shekara gaba ɗaya. Hoce ba ya lalacewa da wuri, ga ƙuli-ƙuli da dabino da soyayyar gujiya, ga garin kwaki da suga. Ku sa ɗan gishiri da suga daban ko ku sayi irin na ƙulli a kemis saboda gudawa, don canjin ruwa yana taɓa cikin ɗan birni. In an kawo muku tuwo da miyar sure ku ci ko loma biyu ce, mayar da ƙwarya yadda ta zo ba ya yi wa mai gida daɗi.

Kuma ka gaya wa Inna, kakata ta sha ba mu labarin 'yan taru, matan da suke tasowa daga ƙauyuka a ƙasa jaji, wato shugabarsu, na gabansu da malfa, su zo ɗaukar karatu, abin da Nana Asma'u ta kafa. Mata ma sun taka irin hanyoyin nan. Amma a ayari suke tafiya kuma an san su duk inda suka sauka.

Almajirin Gidan Malam:

Salamu alaikum. Tunda ba a taɓo maganar salla ba. A mazhabarmu ta Malikiyya nisan da ake yi wa ƙasaru mil 48 ne, wato wajen kilomita 80, kuma ana duba nisan inda ka yi niyyar zuwa ne gaba ɗaya, ba abin da ka taka a yini ɗaya ba. Sakkwato zuwa Gwandu ta Yabo ya wuce haka, saboda haka da zarar kun bar gidajen gari za ku iya mayar da azahar da la'asar da lisha raka'a biyu-biyu. Amma in kun bi limamin gari sai ku cika tare da shi, kuma ni a ganina ku riƙa yin salla cikin jama'a duk inda kuka samu, ko don mutane su gan ku su natsu da ku. In ruwan da ke hannunku na sha ne kawai kuma rijiya da nisa, taimama ta halatta, kada ku ƙarar da ruwan sha a alwala a tsakiyar daji.

Kuma a Bodinga ku tuna Malam Abdullahi ƙanen Shehu ya zauna nan lokacin da Shehu yake Sifawa, kafin Gwandu ta zama mazauninsa inda kabarinsa yake. Ku yi musu addu'a, mu ma ku sa mu ciki.

Mai Kabu-kabu Tsohon Ɗan Ƙwallo:

Kowa ya yi magana mai kyau amma takalmi fa ba a amsa ba. Kada ka kuskura ka sayi sabon kambas ranar jajibirin tafiya, shi ne zai kashe maka ƙafa tun ranar farko. Wanda ka saba da shi, wanda ya ɗan fi ƙafarka kaɗan don ƙafa tana kumbura da rana, da safa mai kauri guda uku kana canzawa. Silifas ka riƙe na zango kawai, ƙayar aduwa tana huda shi kamar ba komai. Man kaɗe a tafin ƙafa da tsakanin yatsu da dare da kuma asuba, yana hana faso da bororo. Da safe ka zazzage takalmi kafin ka sa saboda kunama. Ni ban yarda da Baba a kan gora biyu ba, ga wanda bai saba ba lita huɗu ne mafi ƙaranci, gara nauyi da ƙishi. Sannan tun yanzu ku fara gwaji, ranar Asabar ku taka daga gari zuwa Kwalkwalawa ku dawo da jakar a baya, in kun tashi Lahadi kuna iya tafiya daidai to ku ƙara nisa sati mai zuwa.

Tsohon Malamin Gona:

Ka yi gaskiya ɗana ga maganar ruwa, ni jikina ya saba da rana shi ya sa. Su ɗauki lita huɗu.

Ɗan Mabera:

Na gode ƙwarai da gaske, Allah ya bar zumunci. Baba na karanta labarinka sau uku, har na karanta wa Inna wajen gawo da madarar nan, ta yi shiru sannan ta ce ita ma mahaifinta ba ya bari a taɓa gawon gonarsu. Ba ta ce ta yarda ba tukuna amma ta daina cewa a'a.

Mun zauna da abokina jiya da dare mun canza shiri. Gwandu mun ajiye ta sai wani lokaci. Wannan karon daga Hubbare zuwa Yabo kawai za mu yi, kwana uku, kuma ko shi sai in mun samu masauki tabbatacce a kowane zango da wanda zai raka mu kamar yadda 'Yar Yabo ta ce. Abokin nawa yana da kawu a Bodinga, gobe za mu kira shi mu ji yadda hanyar take a 'yan kwanakin nan. Na Kasuwar Daji ban manta da maganarka ba, in kawun ya ce a bari za mu bari. Asabar ɗin nan kuma za mu gwada Kwalkwalawa.

Baba saura abu ɗaya, in ba damuwa ko za ka turo min ta akwatin saƙo yadda zan gane mararrabar nan da kuka ɓata, hannun dama ake bi ko hagu in an fito daga ƙauyen?